Horar da Lauyoyi Mata: A Fito da Shi Daga Otal Zuwa Zauren Kotu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan tarurrukan bita da ake yawan shirya wa lauyoyi mata da sunan koya musu shugabanci da ciyar da sana'arsu gaba. Ni lauya ce mai zaman kanta a Kano, na haura shekara goma sha biyu ina wannan aiki, kuma na halarci irin waɗannan tarurruka har na daina ƙirga takardun shaidar da na tara a cikin durowa. Ban raina ƙoƙarin masu shirya su ba, sai dai ina ganin an daɗe ana shafa magani a inda ba nan ciwon yake ba.

Duk wadda ta taɓa zuwa ta san yadda abin yake tafiya. A kama babban ɗakin taro a wani otal na Abuja ko Legas na kwana biyu, manyanmu su hau mumbari su ba da tarihin gwagwarmayarsu, a yi ta nanata mana cewa mu yarda da kanmu, a raba jaka da biro, a ɗauki hoto, a watse. Ranar Litinin kowa ta koma ofishin da ta baro, ta tarar da teburinta da matsayinta yadda ta bar su. Wadda ma ta fi bukatar taron, wato sabuwar lauya da ke Gusau ko Damaturu, ba ta da kuɗin mota da na masauki, balle kuɗin rajista.

Idan da rashin ƙwazo ko rashin yarda da kai ne matsalar, da ba mu ga abin da muka gani a kan kujerar alƙalanci ba. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko da ta zama lauya daga Arewa, ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Jihar Kano a 1977, ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, ta kai Kotun Ƙoli a 2005, sannan a 2012 ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya. Mai shari'a Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara har zuwa 2020, kuma wata macen ce ta gaje ta, Mai shari'a Monica Dongban-Mensem. A nan Kano an rantsar da Mai shari'a Dije Abdu Aboki a matsayin Babbar Jojin jiha a 2023, a 2024 kuma Mai shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta hau shugabancin Kotun Ƙoli. Amma da zarar an juya ga ɓangaren lauyoyi masu zaman kansu sai labari ya sha bamban. Tun 1981 Folake Solanke ta zama mace ta farko da aka ba lambar babban lauya ta SAN, amma har yau duk shekarar da aka fitar da sunayen sababbin manyan lauyoyi, mata 'yan ƙalilan ne a ciki, na Arewa kuwa sai an tona. Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa, NBA, ta samu shugaba mace, Priscilla Kuye, daga 1991 zuwa 1992, daga nan aka shafe fiye da shekara talatin ba a sake ba.

Dalilin wannan bambanci, a nawa ganin, a fili yake. Aikin gwamnati yana da tsani: akwai albashi a ƙarshen wata, akwai hutun haihuwa, akwai ƙarin girma bisa shekarun aiki, kuma tsarin mulki ya faɗi ƙa'ida ƙarara, shekara goma da zama lauya kafin alƙalancin Babbar Kotu, goma sha biyu kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, goma sha biyar kafin Kotun Ƙoli. A ofishin lauya mai zaman kansa kuwa babu tsani sai wanda maigidan ofis ya ga damar jingina miki.

Shekaruna uku na farko na yi su ne a wani ofishi da ba zan ambaci sunansa ba. Ni ce mai kwana a kan littattafan hukunce-hukunce, ni ce mai rubuta jawabin ƙarshe, ni ce mai bin rajistara a buga hatimi. Amma ranar da za a saurari shaidu, sai a miƙa fayil ɗin ga abokin aikina namiji wanda tare muka fito daga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda, ni kuma in zauna a bayansa ina miƙa masa takardu. Ba a tura ni kotu ni kaɗai sai ranar da ake son a nemi ɗage shari'a. Na taɓa yin ƙarfin hali na tambayi maigidan dalili, sai ya ce da ni cikin murmushi: "Barista, ai masu ƙara ne ba sa sakin jiki idan suka ga mace, kuma ke gobe aure zai ɗauke ki." Ban ce da shi komai ba, domin a lokacin abin da ake ba ni a wata ko kuɗin Adaidaita Sahu ba ya isa, kuma ban da wani wurin zuwa.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin kwamitin da ke ba da lambar SAN ba ya duba wanda ya yi wahalar rubutu a ofis. Abin da yake nema shi ne hukunce-hukuncen Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli waɗanda suka nuna cewa mai nema shi ne ya tsaya ya gudanar da shari'ar. Macen da ta shekara goma tana miƙa takardu daga baya za ta wayi gari ba ta da abin nunawa, ko da kuwa rabin hujjojin da aka ci shari'o'in da su daga kanta suka fito.

Sai kuma batun inda aikin yake fitowa. Manyan shari'o'i, na filaye da bankuna da kamfanoni da ƙararrakin zaɓe, ba a ofis ake samun su ba. A majalisar dare ake ƙulla su, ko a gidan wani babba bayan sallar isha'i, wuraren da mace mai mutunci a al'adarmu ba ta zama, kuma ba na kira da ta zauna. Abin da ake turo mana shi ne rikicin aure da riƙon 'ya'ya da rabon gado, yawanci kyauta. Aiki ne mai lada, ina yin sa da zuciya ɗaya, domin akwai maganar da matar da aka zalunta ba za ta iya faɗa wa lauya namiji ba, kuma Ƙungiyar Lauyoyi Mata ta FIDA, wadda ta kafu a Najeriya tun 1964, ta share hawayen mata masu yawa ta wannan hanya. Sai dai lada ba ya biyan kuɗin hayar ofis, kuma ban taɓa jin an yi wa lauya namiji nasiha cewa ya taƙaita a kan aikin sa-kai ba.

Haihuwa ma tana cin nata rabon. Dokar ƙwadago ta tanadi hutun mako goma sha biyu, amma a ƙananan ofisoshi da yawa, inda ko takardar ɗaukar aiki ba a bayarwa, wadda ta tafi wankan jego takan dawo ta tarar an raba fayilolinta. Na san ƙwararrun mata da suka ajiye hula da baƙar riga daga nan, suka koma koyarwa ko kasuwanci. Waɗanda suka nemi alƙalanci kuma wani lokaci sukan ci karo da tambayar jihar asali, ta uba ce ko ta miji, kamar yadda ya faru da Mai shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a 2012, lokacin da aka jinkirta rantsar da ita a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda wannan taƙaddama.

Saboda haka ina kira ga FIDA da Zauren Mata na NBA da masu ba su tallafi da su karkatar da wani kaso na kuɗin otal zuwa rassan jihohi. A haɗa kowace sabuwar lauya da babba guda, mace ko namiji, na tsawon shekara biyu, bisa sharaɗin cewa za ta yi wa shaidu tambayoyi da bakinta, kuma sunanta zai shiga cikin kundin kotu. A koya mata abin da ba a koyarwa a jami'a: yadda ake yanke wa mai ƙara kuɗin aiki ba tare da jin nauyi ba, yadda ake rubuta takardar neman aiki ga banki ko ma'aikata, da yadda ake tafiyar da asusun ofis. Ma'aikatun shari'a na jihohi da hukumomin gwamnati da ke ba lauyoyin waje aiki su riƙa tallata shi a fili, domin wadda ba ta zuwa majalisa ta samu ƙofar shiga. Rassan NBA kuma su sa ido a kan albashin ƙananan lauyoyi da hutun haihuwa, su daina sa tarurrukansu a lokacin da uwa ba za ta iya barin gida ba.

A ƙarshen kowace shekara, masu shirin su gaya mana lauyoyi mata nawa ne suka gudanar da shari'a daga farko har hukunci ta dalilinsu. A nawa ɗan ƙaramin ofishin akwai matasa biyu mata, kuma a makon jiya ƙaramar cikinsu ce ta yi wa shaida tambayoyi a Babbar Kotu, ni ina zaune a bayanta ina miƙa mata takardu.

Na gode da ba ni wannan fili.

Wassalam,
Wata lauya mai zaman kanta,
Kano.