Zuwa ga 'yata Hauwa'u, a Zariya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ya karatu?

Ummanki ta ce mini aikin ƙera kumbon sama kike so bayan digiri, kuma Baffanki ya yi miki dariya, wai mu da ba mu gama da matsalar wuta ba, ina mu ina duniyar Mars. Kada ki ji haushinsa, ki dai tanadi amsarki.

Ba kowa ne ya shiga wannan harka don ilimi ba. Da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko a duniya, a 1957, kishi ne ya ci Amurka har ta kai mutum wata a 1969. Amma akwai masu tambaya ta gaskiya: shin wani mai rai ya taɓa zama a duniyar Mars? Ita ta sa a 2021 aka sauke motar Perseverance a kwarin Jezero, inda ruwa ya taɓa kwanciya, tana huda duwatsu tana adana samfuri. Waɗannan na fi ganin girmansu, don Allah Ya yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne halin aikin kansa. A garejinmu nan Agege, in yaro bai ɗaure noti da kyau ba, direban danfo zai dawo kafin la'asar yana masifa, mu gyara. Can babu dawowa. Saƙo daga nan zuwa Mars yakan ɗauki minti 3 zuwa 22, saukar kuwa kamar minti 7 ce, dole na'urar ta sauke kanta ba mai riƙe sitiyari. A 1999 NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter ɗungurungum, saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan da ma'aunin mita, ba wanda ya daidaita su. Manyan masana fa! Don haka darasin awo da kike cewa yana gundurarki, ki riƙe shi hannu bibbiyu, kuma ki saba ba wa wani aikinki ya duba miki ba tare da jin kunya ba.

Idan lokacin sanin makamar aiki ya zo, ki gwada neman gurbi a NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, a Abuja. A 2003 Najeriya ta mallaki tauraron ɗan'adam nata na farko, NigeriaSat-1. Na tura kuɗin littattafan, ki sanar da ni in sun shiga. Ummanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Agege, Legas