Wasiƙa: Hayaƙin tseren motoci ya fi yawa a sama da kan hanya, ba a salansa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu kan wata magana da ke yawan fitowa duk lokacin da aka taɓo wasanni da ɗumamar yanayi. Da zarar an ce wane wasa ne ya fi gurɓata muhalli, sai kowa ya nuna tseren motoci, domin ana jin rugugin inji, ana ganin taya na hayaƙi. Ƙwallon ƙafa kuwa ana yi masa kallon wasa mai tsabta, ciyawa kore da 'yan wasa 22. Alƙaluman da hukumomin wasannin suka fitar da kansu ba haka suka nuna ba, kuma ya kamata masu karatunku su gan su dalla-dalla.

Mu fara da motar kanta, a gasar Formula 1, wadda ita ce uwa ma ba da mama a wannan fage. Daga 2019 zuwa 2025, doka ta ƙayyade wa kowace mota kilo 110 na mai a tsere guda, wato kusan lita 145, kuma tun 2010 aka hana ƙarin mai a tsakiyar tsere. Tsawon tseren kilomita 305 ne ko ɗoriya kaɗan, ban da na Monako da ya fi gajarta. Ke nan lita ɗaya ba ta wuce kilomita 2 da 'yan kai. Shan mai ne na fitar hankali, ba musu. Amma motocin 20 ne kacal a shekarun da alƙaluman nan suka shafa. In aka tara man da dukkansu suka sha ranar Lahadi, bai kai lita 3,000 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na tankar mai mai ɗaukar lita 33,000 irin wadda ke sauke kaya a gidajen manmu. Kilo ɗaya na fetur in ya ƙone yana fitar da kusan kilo 3 na iskar kabon, don haka mota guda tana fitar da kusan kilo 340, duka motocin kuma ƙasa da tan 7.

A 2019 mahukuntan Formula 1 suka wallafa lissafin shekarar 2018: tan 256,551 na hayaƙi mai ɗumama yanayi. Injunan motocin, haɗe da gwaje-gwaje da atisaye da tseren share fage, kashi 0.7 cikin 100 ne na wannan adadi. Jigilar kaya ta ci kashi 45, tafiye-tafiyen ma'aikata da masauki kashi 27.7, masana'antu da ofisoshin ƙungiyoyi kashi 19.3, gudanar da taron a filin tsere kashi 7.3. Wato kusan kashi uku cikin huɗu na ɓarnar a hanya ake yin ta, kafin a tayar da inji ko ɗaya.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ake kai kayan. Kowace ƙungiya tana da kaya iri biyu. Masu nauyi da arha, kamar bangayen gareji, tebura, kujeru da kayan girki, ana sayen saiti biyar ko shida iri ɗaya, a zuba a kwantena, jiragen ruwa su riƙa zagayawa da su watanni kafin ranar tsere. Motocin kansu, injuna, akwatunan giya, fikafikai da kwamfutoci kuwa ba a da irinsu da yawa, kuma ana yawan sauya fasalin wasunsu, saboda haka dole su bi jirgin sama. Ana rufe tsere da yammacin Lahadi, makanikai su kwana suna kwance kaya, zuwa Laraba a ga an kafa gareji a wata nahiyar. Jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 747 yana shan kusan tan 10 na mai a awa ɗaya, ma'ana man da motoci 20 suka ƙona a tsere guda bai ishe shi tafiyar minti 15 ba. Kuma ba jirgi ɗaya ake cikawa ba. Tan ɗaya na kaya in ya bi sama yana fitar da hayaƙi fiye da sau 20 na wanda zai fitar in ya bi teku.

Inda aka fi tafka asara shi ne jadawali. A 2023 an yi tsere a Baku ta Azarbaijan ranar 30 ga Afrilu, bayan mako guda aka yi a Miami ta Amurka, tazarar kusan kilomita 11,000. Daga nan aka koma Turai, aka sake tsallaka teku zuwa Kanada a watan Yuni, aka kuma dawo Turai. A 2024 an tashi daga Las Vegas zuwa Katar cikin mako ɗaya. Duk lokacin da aka jera tsere biyu masu nisa haka, jirgin ruwa ba zai kai a kan lokaci ba. Kuɗin da birane ke biya da yanayin zafi ko damina a kowace ƙasa su ne ke tsara jadawalin, kuma tseren ya ƙaru daga 21 a 2018 zuwa 24 a 2024. 

An yi gyara, kuma adalci ne a faɗa. A 2024 an matsar da tseren Japan zuwa Afrilu don ya kusanci na Ostireliya da Sin. Aikin haɗa hotunan talabijin, wanda a da ake kwasar na'urorinsa da ma'aikatansa zuwa kowace ƙasa, yanzu mafi yawansa daga Biggin Hill a Ingila ake yi. Tireloli a Turai sun fara amfani da man da ake tacewa daga ragowar man girki da makamantansa. Hukumar gasar ta ce a 2024 hayaƙinta ya sauka zuwa tan 168,720, raguwar kashi 26 cikin 100 in aka gwada da sabon lissafin 2018 da ta gyara zuwa tan 228,793. Sai dai wani ɓangare na raguwar a takarda yake, domin ana sayen shaidar man jirgi mai tsabta ne a lissafa, ko da jirgin da ya ɗauki kayan ba shi ya sha ba.

Yanzu a ɗora ƙwallon ƙafa a kan wannan sikeli. FIFA da masu shirya gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 sun ƙiyasta tan miliyan 3.6, kusan ninki 14 na kakar Formula 1 ta 2018, cikin wata guda. Fiye da rabi tafiye-tafiye ne, akasari jiragen 'yan kallo, har da waɗanda suka riƙa kwana a Dubai suna zuwa kallon wasa suna komawa. Ƙungiyar Carbon Market Watch ta nuna cewa an rage adadin ta wata dabara: hayaƙin gina sababbin filaye an raba shi a kan shekara 60 da ake sa ran za su yi, aka ɗora wa gasar rabon 'yan kwanakinta kawai, alhali don ita aka gina su. A Yunin 2023 hukumar da ke sa ido kan gaskiyar tallace-tallace a Suwizalan ta yanke cewa FIFA ba ta da hujjar kiran gasar wadda ba ta ƙara wa duniya hayaƙi ba. Gasar 2026 kuwa an faɗaɗa ta daga wasa 64 zuwa 104, ƙasashe 48, birane 16 a Amurka da Kanada da Meziko, inda daga wannan fili zuwa wancan sai jirgi.

Amma kada wannan ya sa a wanke tseren motoci. A nan ne nake roƙon marubutanku su yi hattara, domin awon biyu ba da mudu ɗaya aka yi su ba. Lissafin FIFA ya haɗa da 'yan kallo, na Formula 1 da na kawo a sama bai haɗa da su ba. Ga shi kuwa filin tseren Silverstone na Ingila kaɗai ya tara mutum 480,000 a ƙarshen mako guda a 2023, gasar gaba ɗaya kuma ta tara kusan miliyan 6 da rabi a 2024. Mutum ɗaya da ya hau jirgi daga Landan zuwa Singafo ya dawo, a kujerar talakawa, rabonsa na hayaƙi ya haura tan 1 da rabi, daidai da na motocin tsere biyar a ranar Lahadi. Sannan kofin duniya sau ɗaya ne a shekara huɗu, Formula 1 kuwa duk shekara ce. In aka zuba 'yan kallo a lissafin, aka ninka sau huɗu, tazarar za ta ragu sosai. Ko tseren keke na Faransa, wanda babu inji a ƙarƙashin ɗan wasa, masu shirya shi sun lissafa kusan tan 216,000 a 2021, fiye da kashi 90 cikin 100 daga zirga-zirgar masu zuwa kallo. Wasannin Olamfik na Paris a 2024 sun nuna inda maganin yake: sun tsaya a kusan tan miliyan 1.6, ƙasa da rabin na Landan 2012 ko Riyo 2016, musamman saboda kashi 95 cikin 100 na wuraren wasan ko dai tsofaffi ne ko na wucin gadi.

Akwai kuma ɓarnar da tseren motoci ya keɓanta da ita, wadda ba a auna ta da tan na kabon. Mafi muni a cikinta dalma ce. Amurka ta haramta fetur mai dalma a motocin titi tun 1996, amma aka bar wa masu tsere ƙofa, gasar tseren motoci ta NASCAR ta ci gaba da ƙona shi har zuwa 2007. Masana tattalin arziki biyu, Alex Hollingsworth da Ivan Rudik, sun bi diddigin yankunan da ke da filayen tseren, suka gano cewa bayan an daina, dalmar da ke cikin iska ta ragu, yaran da ake samu da ita da yawa a jini sun ragu, mutuwar tsofaffi ma ta ragu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Shekara 11 ana shaƙar da maƙwabta wannan guba don inji ya ƙara ƙarfi, kuma babu filin ƙwallon da ya taɓa yin haka.

Sai taya. A Formula 1 kowane direba yana da saiti 13 na tayoyin busasshiyar hanya a ƙarshen mako na yau da kullum, wato taya 1,040 ga motoci 20, ban da na ruwan sama. Ana naɗe su a bargon lantarki a gasa su zuwa digiri 70 kafin a ɗaura, janareto na aiki awa da awanni, domin taya mai sanyi ba ta kama kwalta. Saiti ɗaya bai cika wuce kilomita 100 zuwa 200 ba, robar da ta goge kuma ruwan sama ke wanke ta zuwa magudana. Ƙwallon ƙafa ma yana da nasa kason a nan: ɓarɓashin tsofaffin tayoyi da ake zubawa a filayen ciyawar roba yana bin takalma da ruwa ya fita, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sayar da shi daga 2031.

Ƙasa ita ce ta uku, kuma wannan ta shafe mu kai tsaye. Tseren Paris zuwa Dakar da Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978 ya bi ta Tamanraset da Agadas da Yamai a karon farko, daga baya kuma hamadar Tenere ta Nijar ta zama zuciyarsa. Hamada tana da wani siririn ɓawo a samanta, na tsakuwa ko busasshen laka, wanda ke hana iska kwasar ƙasa. Ɗaruruwan motoci da babura da manyan motocin ɗaukar kayan gyara in suka bi ta kai, kowa na neman sabuwar hanya don guje wa ƙurar na gaba, sai ɓawon ya farfashe a faɗi mai yawa, 'yan tsiron da raƙuma da awaki ke dogaro da su su mutu, sawun kuma ya yi shekaru bai ɓace ba saboda ƙarancin ruwan sama. An soke tseren a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka kai shi Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, inda hukumar kula da kayan tarihi ta Chile ta riƙa rubuta wuraren tarihin da aka tattake. Tun 2020 a Saudiyya ake yi. Filin tsere na dindindin ma ba ya rasa nasa: a Riyo ta Brazil sai da masu kare muhalli suka tashi tsaye kafin aka janye shirin sare dajin Camboatá don gina sabo a 2021.

Motar lantarki ba ta kawar da matsalar ba. Gasar motocin lantarki ta Formula E da ta fara a Beijin a 2014 ba ta da salansa, amma rahotanninta sun nuna jigilar kaya ce kaso mafi girma na hayaƙinta. Haka sabon man da Formula 1 ta wajabta daga 2026, wanda ba daga rijiya ake haƙo shi ba, yana taɓa kashi 0.7 ɗin nan ne kawai. Amfaninsa na gaske zai bayyana ne in ya yi arhar da motocin titi za su iya sha, kuma har yanzu tsadarsa ta ninka ta fetur nesa ba kusa ba. Ina kuma ganin bai dace a kau da kai daga masu ɗaukar nauyi ba. Kamfanin man Saudiyya Aramco na tare da Formula 1 tun 2020, ya kuma ƙulla da FIFA a 2024, kamfanin man Faransa TotalEnergies kuwa sunansa ke manne da gasar cin kofin Afirka tun 2016. A wannan fuskar wasannin biyu ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Rabon Afirka da Formula 1 tun tseren Kyalami ta Afirka ta Kudu na 1993, kuma yanzu Ruwanda, wadda Shugaba Paul Kagame ya bayyana neman ta a Disambar 2024, da Afirka ta Kudu suna zawarcin gasar. In wakilanku za su rubuta labarin, ina roƙon su tambayi ko lissafin hayaƙin da aka ba su ya haɗa da 'yan kallo da siminti da ƙarfen gini, da kuma a kan shekara nawa aka raba shi. Su tambayi ko sabon fili za a gina ko tsoho za a gyara, me ke kan ƙasar a yau, kuma wa zai tashi. Su kuma dubi wane tsere ne zai gabace shi da wanda zai biyo baya a jadawali, domin wannan ne zai nuna ko kayan ta ruwa za su zo ko ta sama.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai karatu, daga Kaduna