Laƙabin da nake sa wa sassan ƙwaƙwalwa ya fara kayar da ni

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Allah ya ƙara ɗaukaka wannan fili. Na san yawanci matsalar aure da ta dangin miji ake kawo miki, tawa kuwa ta karatu ce, amma ta hana ni barci kamar kowace.

Ni ɗaliba ce 'yar shekara ta biyu a wata makarantar koyon aikin jinya. A wannan zangon aka fara mana darasin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, aka haɗa mana da ilimin halayyar ɗan Adam. Turancina ba laifi, da kiredit na fita, amma Anti wannan abin ba Turanci ba ne. Girkanci ne da Latin aka ɗinka musu rigar Turanci. A shafi ɗaya sai in buɗe ƙamus ya fi sau goma, kafin in kai ƙasa na manta abin da ke sama.

Wasu 'yan ajinmu suna da jimlolin barkwanci na Turanci da suke haddace jijiyoyin kai goma sha biyu da su, harafin farkon kowace kalma yana tsaya wa jijiya ɗaya. Na gwada, sai na ga aiki biyu ne a kaina: in haddace jimlar da ko dariya ba ta ba ni, sannan in haddace abin da take nufi. Nan na tuno Baba, wanda alaramma ne, da yadda yake biya wa ƙananan almajirai babbaƙu: lam jaye, ha ƙuri, ain baki wofi. Kowane harafi da laƙabinsa na Hausa, yaro ya ji sau biyu ya zauna masa. Na ce to ni ma bari in yi nawa.

Amigdala, ɗan curin nan da ke da hannu a jin tsoro, na mai da ita "Ami, ga Dala!" Sai in hango wata yarinya an kai ta gindin Dutsen Dala an ce ta hau, ƙafafunta na kakkarwa. Hifokamfas na jingina shi da kamfas, yadda baƙon ɗalibi ke ɓata kwanakin farko kafin hanyoyin makaranta su zauna masa, don shi ne ke taimakawa a riƙe sabon abu a kuma gane wuri. Wanda na fi alfahari da shi talamas ne. Na ce zauren gida ne: gani da ji da ɗanɗano da taɓi duk sai sun yi sallama a nan kafin a shigar da su ciki, ƙamshi ne kaɗai ke tsallaka katanga, kamar na soyen maƙwabta. Ƙawayena na ɗaki har kwafa suke yi, bayan sun gama yi mini dariya.

To ga inda gizo ke saƙar. Akwai fatu uku da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa, ta wajensu sunanta dura mata. Ina jin sunan na fashe da dariya, na ce wannan ai ta zo da laƙabinta, "ɗura mata". Na hango uwa ta danne jaririya a cinya tana ɗura mata kunu. Sunan ya zauna daram. Ranar gwaji aka ce mu jero fatun daga waje zuwa ciki mu faɗi siffar kowace. Hoton uwar nan rungume da 'yarta ne ya zo mini, sai na rubuta cewa dura ce ta manne da ƙwaƙwalwa tana ciyar da ita. Alhali ita ce ta can waje, mai kauri da tauri, a jikin ƙoƙon kai. Mai laushin da ke manne da ƙwaƙwalwa ita ce fiya mata, ta tsakiyarsu kuma arakanoyid, mai kama da yanar gizo-gizo. Tambayar gaba ɗaya ta tafi. Malamin ya zagaye amsar da jan biro, ya rubuta a gefe: a ina kika samo wannan? Ba zan iya ce masa a kwanon kunu ba.

Da na je gida hutun ƙarshen mako na bincika asalin sunan. Ashe da Latin yana nufin uwa mai tauri, kuma su ma fassara suka yi daga littattafan likitocin da suka yi rubutu da Larabci, waɗanda ke ce mata ummul jafiya. Na karanta wa Baba yana zaune kan buzu. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Jafiya ai ita da jafa'i gidansu ɗaya, uwa mai kaushin hali ke nan." Tun daga ranar ban sake rikita ta ba, kuma wannan karon har da siffarta na riƙe, ba suna kawai ba.

Abin da ya jefa ni cikin kokwanto ke nan. Na lura kalmomin da na bi ta saiwarsu sun fi zama da ma'anarsu. Serebelam ƙaramar ƙwaƙwalwa ce kawai da Latin, fons gada, jijiyar bagas kuma mai yawo, ga shi kuwa daga kai take gangarawa har zuciya da huhu da hanji. Da na gane cewa "a" ɗin da ke farkon afasiya da afraksiya da agnosiya da ataksiya rashi take nufi, sai suka daina yi mini kama da 'yan huɗu: matsalar magana, kasa aiwatar da aikin da aka saba, kasa gane abin da ake gani ko ji, da rashin daidaiton motsi. Haka ma waɗanda suka zo da labari. Ban taɓa rikita mantuwar abin da ya wuce da kasa riƙe sabon abu ba tun da na karanta labarin Henry Molaison, Ba'amurken da aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya aka cire masa yawancin hifokamfas ta ɓangarorin biyu. Ya rayu har 2008, yana iya ba da labarin ƙuruciyarsa, amma likitan da ya gaisa da shi ɗazu in ya fita ya dawo baƙo ne. Sai dai bin saiwa da labari yana cin lokaci, kalma biyar sai ta cinye mini dare guda, laƙabi kuwa ina wanke-wanke ma yi nake.

Baba shi a wajensa duk wannan wasa ne. Ya ce karatu maimaici ne, wanda bai yi tilawa ba allonsa ya gudu. Abin haushin, littafinmu ma bayansa ya bi: wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'i da kwanakin farko take faruwa, kuma bita a rarrabe ta fi ta dare ɗaya. Na sauke manhajar Anki da ke dawo wa mutum da kalma lokacin da ya kusa manta ta, amma wayata ba ta riƙe caji, wuta kuma kin san hali. Yanzu kwalin sabulu da na shayi nake yankawa, suna a gaba, ma'ana a baya, na ɗaure su da kyauro. Sun kusa ɗari biyu, kuma ban san wanne zan riƙa ɗauka kullum wanne zan bari sai mako ba, sai in zube su a katifa in yi ta kallo.

Anti, don Allah ki ba ni shawara, ko ki tambayar mini likitocin da kike gayyatowa. In watsar da laƙaban nan gaba ɗaya, ko akwai yadda zan riƙa tace su don kar wani ya sake yi mini irin ta dura? Ina tsoron akwai wasu a cikinsu da ke ɗauke da kuskure ban sani ba, kuma gobe ba takarda zan tsaya a kai ba, majinyaci ne. Sannan kalma nawa ya kamata mutum ya ɗora wa kansa a rana, in ga darussa shida a gabansa ga zuwa asibiti da safe? Na so in kai wa malamin katunan ya duba mini, kunya ta hana, tun da rabinsu shirme ne da Hausa shi kuma ba ya ji.

Saura mako shida jarrabawa. Idan za ki karanta a fili, don Allah a sakaya sunana, 'yan ajinmu suna saurare kuma duk sun san zancen kunun.

Wassalam,
Taki, wata ɗaliba daga Kano