Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhajin da ya ce tatsuniya nake koya wa yara

Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya.

A taron iyayen yara na Agege ka miƙe da lasifika ka tambaye ni: tartsatsin rediyon da ke zuwa daga sararin samaniya, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, ta yaya za a san gungun taurarin da ya fito? Ka ɗora da cewa tatsuniyar Turawa na haddace nake cin kuɗin makaranta. Aka yi dariya. Tambayar halal ce, wutsiyar da ka ɗaura mata ce ta sosa ni, ni da na koya wa wasu iyayen da ke zaune a wurin lissafi.

Kai fa dillalin shanu ne. Tirela ta shigo mayankar Oko-Oba, ƙurar jikinta da ramar dabbobin kawai kake dubawa ka faɗi nisan da ta yiwo, kuma ba a taɓa kiran ka boka ba. Shi ma tartsatsin da ƙurarsa yake zuwa. Siririn gas ɗin da ya ratso yana riƙe kaurin sautinsa, siririn sautin ya riga isowa, tazarar ce ke nuna nisan tafiya. Gano wurin kuwa aikin kunnuwa ne. Na'urar ASKAP ta Ostareliya, mai sauraron rediyon sararin samaniya, faifai 36 gare ta a warwatse cikin jeji, saƙon ba ya taɓa su lokaci guda, da wannan ɗan bambancin ake fitar da ɗigon a sama, sannan a juya babban madubin hangen nesa a ga gungun da ke can. A 2019 aka yi haka da wanda ya tartsa sau ɗaya tak. Kafin nan, a 2017, an bi sawun wani tartsatsi mai maimaitawa da ake kira FRB 121102 har wani ƙaramin gungu, tafiyar haske ta kusan shekara biliyan 3.

Batun na'urar ɗumama abinci da ka yi ta nanatawa gaskiya ne, tartsatsin da take fitarwa ya yi kama da na sama har ya rikita masanan tashar sauraron sararin samaniya ta Parkes a Ostareliya, kuma su da kansu suka kama ta suka shelanta a 2015. Har yau ban ji dillalin da ya yi shelar ya sayar da saniya mai ciwo ba.

Na san zaɓen shugabancin ƙungiyar iyayen yara ya ƙarato, malami kuma ba shi da magoya baya. Amma shekara uku ke nan nake roƙon kwamitinku ya sai wa yaran nan ƙaramin madubin hange, kullum babu kuɗi, alhali walimar bara sa biyu aka kayar. Ajina na Asabar ƙarfe goma yake farawa, akwai benci a baya.

Naka da girmamawa,
Malamin kimiyya, Agege