Takardar Koke Kan Adana Tarihin Cocin Ballintubber

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Gundumar Mayo, Castlebar, ƙasar Ailan.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, mu mazauna Ballintubber da ƙauyukan kewaye muna gabatar da kokenmu kan cocinmu, wanda Cathal Crobhdearg O'Connor, sarkin Connacht a yammacin Ailan, ya kafa a 1216, kuma har yau a cikinsa muke ibada, muke ɗaura aure, a harabarsa muke binne mamatanmu.

Majalisa ta san cewa a 1653 sojojin Cromwell, jagoran yaƙi na Ingila, sun ƙone ginin, suka bar shi babu rufi. Kakanninmu ba su ƙaurace masa ba. Fiye da shekara 200 suna durƙusawa a kan ciyawa tsakanin bangayen dutse, ruwa na dukansu, har a zamanin da doka ta hana limaman Katolika aiki ake farautarsu don lada. Gyaran da aka soma a 1846 ya tsaya saboda babbar yunwar da ta afka wa Ailan, kuma sai a 1966 aka kammala yi wa babban zauren rufi.

Littattafai sun riƙe sunayen manya, irin su Tiobóid na Long, ɗan shahararriyar shugabar mayaƙan teku Grace O'Malley, wanda aka binne a nan. Sunayen talakawan da suka raya wurin kuwa suna kan duwatsun kaburbura ne kawai, kuma ruwan sama da gansakuka suna cinye rubutun, har wasu sai an shafa da yatsa kafin a gane haruffan. Dattawan da suka yi ibada a nan kafin 1966 ma suna ta raguwa, kuma wannan ya fi komai tayar mana da hankali.

Saboda haka muna roƙon Majalisa, ta hannun jami'inta mai kula da kayan tarihi, ta ware kuɗi domin a ɗauki hoton kowane dutse, a kwafe rubutunsa, a kuma naɗi muryoyin dattawan, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na gunduma. Muna kuma neman tallafi wajen kula da Tóchar Phádraig, tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada zuwa dutsen Croagh Patrick, mai tsawon kimanin kilomita 35, wadda ta ratsa gonakin jama'a.

Mun ɗauki alkawarin ba da masu aikin sa-kai, muna kuma roƙon a sa mana ranar zama da wakilan Majalisa kafin shigowar hunturu.

Naku cikin girmamawa,
Mazauna Ballintubber da kewaye