Wasiƙa daga Jidda: ruwan da ya ƙi kaiwa inda lissafi ya ce

Aminina Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibanka. Mu nan Jidda sai godiya, zafi dai da gumi kamar yadda ka bar mu.

'Yarka ta wajena ce ta sa na ɗauki biro. An koya musu a sakandare lissafin abin da aka cilla sama: ƙasa tana janyo shi, duk daƙiƙa ɗaya tana zaftare masa mita 9.8 daga gudunsa, har gudun ya ƙare, ya tsaya cak, ya juyo. Ta ce dutsen da ya bar hannu da gudun mita 19.6 a daƙiƙa zai yi daƙiƙa 2 yana hawa, wasu 2 yana saukowa. Tsayin kuwa, a ninka gudun da kansa, a raba da 19.6, wato 9.8 ɗin nan sau biyu.

Ran Juma'a da dare muka je bakin Bahar Maliya kallon Nafurar Sarki Fahad, wadda ke feso ruwan teku da gudun kilomita 375 a awa. Nan take yarinyar nan ta ciro takarda. Ta mayar da shi mita 104 a daƙiƙa, ta ninka, ta raba, ta samu wajen mita 550. Alhali ruwan nan mita 300 da 'yan kai ne iyakarsa, in ma ya kai. Ta sake bi sau uku, har idonta ya ciko da ƙwalla.

Malam, lissafinta babu kuskure. Iska ce ba a sa a ciki ba. Dutse dunƙulalle ne, yana ratsa ta. Ruwa kuwa yana tashi sai ya watse ya zama feshi, iska ta tare kowane ɗigo. Na nuna mata yadda saman ruwan ke karkata gefe kamar hayaƙi, sai ga fuskarta ta washe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ta ɗauka laifinta ne. Don Allah, in kana koyar da wannan darasi, ka riƙa faɗa wa yara tun farko cewa an ajiye iska a gefe ne don sauƙi. Ka kuma rubuto mata yadda ake shigar da ita cikin lissafin, don ni nawa sanin ya ƙare a nan, ita kuwa kullum sai ta tambaye ni.

A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
amininka na Jidda