Malam Edita, tsutsotsin ƙasan teku fa?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Wallahi na daɗe ina son yin wannan ƙorafin. Duk sanda aka tashi maganar halittun teku sai dai a manna hoton ƙaton kifi ko kunkurun ruwa, shikenan an gama. Ba wanda ke waiwayar na can ƙasa cikin taɓo, wato tsutsotsi da ƙaguwa da ƙananan katantanwa, alhali su ne ke fara tona asiri in ruwan gaɓa ya lalace. Kifi in ya ji ba daɗi sai ya ƙara gaba, ita kuwa tsutsar nan ina za ta je, tana nan inda take har abin ya kashe ta.

Yadda ake ɗibo su ma abin kallo ne. Jirgi zai tsaya a zura wani ƙarfe mai baki biyu kaman muƙamuƙi, Van Veen ake ce mai, sunan injiniyan Holan da ya ƙirƙiro shi a 1933, ya gatso laka daidai kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita. A juye a rariya mai ramuka milimita 1 a wanke, abin da ya maƙale a zuba a kwalba da fomalin, wato ruwan maganin da ke hana su ruɓewa, a rubuta rana da zurfi da daidai wurin. Toh daga nan wani bawan Allah zai zauna makonni yana leƙa maikiroskof yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ba kowa ke iya haƙurinsa ba gaskiya.

Tun 1978 wasu masana halittun teku biyu, Pearson da Rosenberg, suka nuna cewa in ƙazanta ta yi yawa a wuri, ire-iren halittu sai su ragu, wasu 'yan tsirarun tsutsotsi irin su Capitella su cika ko'ina, in abin ya ƙara ƙamari kuma lakar ta koma baƙi ƙirin tana warin ruɓaɓɓen ƙwai don iskar oksijin ta ƙare. Amma fa ta ya za ka ce wuri ya lalace in ba ka da lissafin yadda yake a da? In ɗanyen mai ya malala, ko jiragen kamun kifi masu jan raga a ƙasa sun share wuri, a zo neman diyya a ce kawo hujja, sai ka ga an yi cirko-cirko.

Nan ne takaicina yake. Akwai rumbun bayanan halittun teku mai suna OBIS a ƙarƙashin UNESCO, wanda ya samo asali daga ƙidayar halittun teku da aka yi daga 2000 zuwa 2010, yanzun yana da bayanai sama da miliyan 100 kuma kyauta ne a intanet, amma in ka buɗe taswirar za ka ga gaɓar Turai da Amurka ta cika maƙil, wasu gaɓoɓin kuma fayau kaman ba kowa a ciki. Kuma ba wai ba a taɓa ɗiba ba ne a ko'ina, sau da yawa an ɗiba, sakamakon ne ke kwance a kwamfutar wani ko cikin rahoton da ƙura ta binne.

Don Allah Malam Edita, in wakilinku ya sake zama da masu binciken teku ya tambaye su ina suke ajiye waɗannan alƙaluman, kuma wa ke da damar gani.

Naka mai karatu a kullum.